Guguwar da Ba Ta da Tsayayyar Cibiya: Wahalar Bin Sawunta da Abin da Erika Ta Yi wa Dominika



Idan aka ce guguwar teku, abin da yawancinmu muke tunawa shi ne hoton nan na tauraron ɗan'adam: farin gajimare ya naɗe ya yi zagaye, ga ido a tsakiyarsa. Wannan ita ce guguwar da ta ƙosa, kuma duk da yawan ɓarnarta, ita ce masu hasashe suka fi iya faɗin inda za ta dosa. Takardata tana magana ne a kan wadda jikinta bai haɗu ba, iskarta ba ta kai ta kawo ba, hadarinta kuma a warwatse yake. Ra'ayina shi ne irin wannan guguwa ta fi wuyar bin sawu, kuma yadda ake sanar da jama'a labarinta yana sa su saki jiki a lokacin da ya kamata su tashi tsaye.

A tekun Atlantika, ana raɗa wa guguwa suna idan iskarta ta kai gudun kilomita 63 a awa ɗaya, ana kuma sa ta a sahun mahaukatan guguwa idan ta kai kilomita 119. Tana buƙatar ruwan teku mai ɗumi, kimanin digiri 26 zuwa sama, da iska mai damshi. Lafiyarta kuwa tana ga tsayuwarta: juyin iskar da ke kusa da ruwa da juyin da ke can sama su hau kan juna sak, hadarin ya kewaye su. Abu biyu ke hana haka. Na farko saɓanin iska, wato iskar sama ta bi wata hanya ko ta yi wani gudu daban da ta ƙasa, sai guguwar ta karkace, hadarin ya koma gefe guda ya bar cibiyar tsirara. Na biyu busasshiyar iska, wadda sau da yawa daga Sahara take fitowa ɗauke da ƙura, tana kutsawa ta kashe hadarin tun bai yi tsawo ba.

Duk hasashen hanya daga tambaya ɗaya yake farawa: ina cibiyar take a yanzu? Ga guguwa mai ido, kowa na iya nuna ta da yatsa. Ga wadda ta warwatse kuwa, dabarar karanta siffar gajimare da Vernon Dvorak ya ƙirƙiro a shekarun 1970 ba ta samun abin kamawa sosai, musamman da dare, lokacin da hoton zafi ke nuna saman hadari kawai, juyin da ke ƙasa ya ɓace wa ido. Shi ya sa Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka da ke Miyami take tura jirage su ratsa cikinta, su riƙa sakin na'urorin da ke auna iska da zafi da damshi suna saukowa. Ko su ɗin, wani lokaci sai su tarar da ƙananan juyi biyu ko uku suna zagaya juna, a rasa wanda za a kira cibiya. Wani lokaci kuma tsohuwar cibiyar ta mutu, sabuwa ta tsiro a ƙarƙashin hadari mafi ƙarfi, nisan kilomita masu yawa daga inda aka sa alama awa shida da suka wuce. Guguwar ba tafiya ta yi ba, tsalle ta yi, kuma duk lissafin da kwamfuta ta gina a kan tsohon wurin ya rushe.

Akwai wani ƙullin da ya fi wannan. Guguwa mai rauni gajeriya ce, iskar ƙasa-ƙasa ke tura ta, yawanci zuwa yamma. Mai ƙarfi doguwa ce, don haka iskar sama ma tana da ta cewa a tafiyarta, sau da yawa ta karkata ta arewa. Ke nan ba za a san hanyarta ba sai an san ƙarfin da za ta yi, ba kuma za a san ƙarfin ba sai an san ko hanyar za ta bi ta kan duwatsu ko ta kan ruwa mai ɗumi.

An ga haka a watan Yunin 2012 da guguwar Debby a mashigin tekun Meziko. Manhajar hasashe ta Turai ta ce yamma za ta yi, wajen Tekzas, ta Amurka ta ce gabas, wajen Fulorida. Hasashen hukuma na farko ya bi yamma, Debby kuwa ta sauka a Fulorida ranar 26 ga Yuni, ta zubar da ruwan da ya haura milimita 700 a wani wurin. Dorian ma, kafin ta zama abin tsoro a 2019, ƙarama ce mai fama da busasshiyar iska. Bayan ta ratsa tsibirin Sen Lusiya sai cibiyarta ta sake tsirowa a arewa, ta kauce wa manyan duwatsun Hispaniyola da ake sa ran za su wargaza ta. Ranar 1 ga Satumba ta afka wa Bahamas da iska mai gudun kilomita 295 a awa.

Amma wadda na fi so mu tsaya a kanta ita ce Erika ta 2015. Shekarar El Nino ce, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik, saɓanin iska ya yi tsanani a yankin Karebiyan, kuma tun da aka raɗa mata suna ba ta taɓa tsayawa sak ba. Iskarta ba ta wuce kilomita 85 a awa ba. Duk da haka, hasashen kwana biyar ya nuna tana iya ƙarfafa ta doshi Fulorida, sai hankalin kafofin labarai ya koma can, har gwamnan jihar, Rick Scott, ya ayyana dokar ta-ɓaci ranar 28 ga Agusta. Washegari aka sanar da cewa Erika ta watse a kusa da gabashin Kuba.

Ɓarnar ta riga ta auku a wani wuri. Ranar 27 ga Agusta cibiyar ta wuce ta wajen Gwadalup, arewa da ƙaramin tsibirin Dominika, wanda ba shi ne Jamhuriyar Dominikan ba. Amma saɓanin iska ya riga ya ture hadarin daga cibiyar, sai ya sauka a kan Dominika, ƙasa mai tsaunuka masu tsayi da kwaruruka masu zurfi. A filin jirgin sama na Canefield an auna ruwa sama da milimita 300 cikin awa 12. Koguna suka cika suka batse, gangaren duwatsu suka zaftare a kan gidaje, ƙauyen Petite Savanne ya zama kufai. Mutum 30 suka rasu a ƙasar da yawan jama'arta bai fi 70,000 da 'yan kai ba. An ƙiyasta asarar a dala miliyan 483, kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, Firaminista Roosevelt Skerrit ya ce an mayar da su baya da shekara 20. An cire sunan Erika daga jerin sunaye, kuma ita ce ta biyu a Atlantika, bayan Allison ta 2001, da aka yi wa haka ba tare da ta kai matsayin mahaukaciyar guguwa ba. Hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

A ganina, a nan laifin tsarin sanarwa ya fito fili. Taswirar da jama'a suka saba gani, mai siffar mazurari, hanyar cibiya kaɗai take nunawa. Faɗinta ya dogara ne da kurakuran hasashe na shekara biyar da suka gabata, an auna ta yadda cibiya za ta faɗa ciki sau biyu cikin uku. Faɗin nan ɗaya ne ga guguwa mai ido da wadda ba a ma tabbatar da cibiyarta ba, alhali shakkar da ke kansu ba ɗaya ba ce. Ba ta kuma cewa komai a kan ruwa. Mutumin da ya ga tsibirinsa a wajen zanen, ya ji an ce guguwar mai rauni ce, ba mu da hujjar zargin sa idan ya kwanta barci. An samu gyara a 2017, lokacin da cibiyar Miyami ta fara ba da gargaɗi tun guguwa ba ta kammala haɗuwa ba. Gyara ne mai kyau, sai dai har yanzu ma'aunin iska ne ke ba guguwa daraja a kunnen jama'a. Ga guguwa irin Erika, kamata ya yi sanarwa ta fara da yawan ruwan da ake sa rai da ɓangaren da hadarin ya karkata, maganar cibiya ta biyo baya.

Wani zai ce mu da muke nesa da Karebiyan, ina ruwanmu? Erika daga gaɓar Afirka ta Yamma ta fito. Kowace damina, igiyoyin iska kimanin 60 suna tasowa daga gabas, wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Cadi da Nijar da arewacin Najeriya duk bayan kwana 3 zuwa 5, kuma suna da hannu a manyan hadarin gabas da manomanmu ke jira. Masanin yanayi Robert Burpee ya bayyana asalinsu tun 1972, bincike kuma ya nuna mafi yawan manyan guguwar Atlantika daga cikinsu suke fitowa. Yadda igiya ta bar nahiyarmu, da damshinta da ƙurar da ke biye da ita, yana cikin abin da ke yanke ko za ta haɗu ko za ta warwatse.

Sai dai tashoshin da ke sakin balan-balan na auna iskar sama a yankinmu kaɗan ne, waɗanda ke akwai ma ba kullum suke aiko da bayani ba. A 2006 shirin AMMA na binciken daminar Afirka ta Yamma ya farfaɗo da tashoshi da dama, Yamai tana cikin manyan sansanoninsa, amma ɗorewar aikin bayan shirin ya ƙare ta yi wuya. Kuɗin balan-balan da iskar hura shi da na'urar da ake ɗaura masa, sau biyu a kowace rana, su ne abin da nake roƙon hukumomin yanayi na ƙasashenmu da cibiyoyi irin su ACMAD da AGRHYMET su sa a gaba wajen neman kasafi. Awon da zai taimaki mai hasashe a Miyami shi ne dai zai gaya wa namu a Kano ko Damagaram irin hadarin da ke tafe gobe.