Janar Seini Kunce, ɗan Fandu: abin da ya bari da abin da ya tafi da shi

(Jawabi gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Damana)



Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Duk ranar da ɗan kasuwa ya kwana uku yana jiran sa hannu ɗaya a biro, ko kuɗin gwamnati suka yi ɓatan dabo, sai a ji wani ya ce: da Kunce na raye da haka ba ta faru ba. Wannan magana ta cancanci a auna ta, kuma babu inda ya fi dacewa da awon irin nan, ƙasar da ta haife shi.

An haifi Seini Kunce a 1931 a Fandu, kusa da Damana, cikin gidan sarautar Zabarmawan Tondikanja, a yankin Filinge. Ya yi makarantar ƴaƴan soja a Kati ta ƙasar Mali da Sanluwi ta Senegal, ya shiga sojan Faransa a 1949, aka kai shi yaƙin Indocin da na Aljeriya. Da aka kafa rundunar sojan Nijar a 1961 ya dawo gida, ya yi ta hawa har ya zama babban hafsan hafsoshi a 1973, yana da muƙamin laftanan-kanal.

A lokacin fari ya shekara biyar yana cin ƙasa. Dabbobi sun ƙare, talakawa sun bar garuruwansu, ana kuma zargin manyan jam'iyyar PPN-RDA da karkatar da cimakar agaji. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani; matarsa Hajiya A'isha ta rasa ranta a daren. Kunce ya zama shugaban majalisar ƙoli ta soja, wato CMS, aka rushe majalisar dokoki, aka soke jam'iyya, aka jingine tsarin mulki. Shekaru da dama ya riƙe ma'aikatar tsaro a hannunsa, haɗe da shugabancin ƙasa.

Abin da ya yi na alheri ba a ɓoye yake ba. Ya sa motocin soja suka kai hatsi ƙauyuka, ya cika rumbunan OPVN. A shekarar farko ya sallami sojojin Faransa daga Yamai. Kuɗin uraniyom na Arlit, waɗanda suka ƙaru da buɗe COMINAK a 1978, sun gina hanyar Tawa zuwa Arlit, da tashar wutar gawayi ta SONICHAR, da makarantu da asibitoci. Ma'aikata na tuna yadda yakan faɗo ma'aikata da sassafe ba sanarwa, ya iske kujerar da babu mai ita. Wanda ya taɓa dukiyar ƙasa kuwa ya san inda zai kwana.

Sai dai awo ba ya cika da bango ɗaya. Mataimakinsa, kumandan Sani Suna Sido, an kama shi a 1975, ya mutu a tsare a Agadas. Bayan yunƙurin juyin mulki na Maris 1976 an harbe kumandan Musa Bayere da kaftin Sidi Muhamed da wasu. Jibo Bakari, wanda ya dawo daga gudun hijira bayan faɗuwar Diori, ya shiga kurkuku daga 1975 zuwa 1980. Babu jarida sai ta gwamnati, ƴan leƙen asiri sun cika tasha da kasuwa, har mutum ba ya sakin baki gaban maƙwabcinsa.

Ga kuma abin da ya fi kowane ba da darasi. Mutumin da aka danƙa wa wannan leƙen asiri, Amadu Umaru Bonkano, amininsa na kusa, ya tara dukiya mai yawa a inuwar fadar, babu alƙali ko ɗan jarida da ya isa ya tambaye shi. Shi ne kuma ya nemi kifar da Kunce a Oktoba 1983, lokacin da shugaban ke taro a Faransa. Tsoro ya kama ƙaramin akawu, amma bai kai ga wanda ke zaune kusa da mai ba da tsoron ba.

Daga 1980 farashin uraniyom ya karye, bashi ya yi nauyi, ƙasa ta shiga yarjejeniya da asusun FMI a 1983. A 1984 fari ya komo, Nijeriya kuma ta rufe iyakokinta. Ƴan kasuwar Maraɗi da Konni ba su manta da yunwar da aka laƙaba wa suna El Buhari ba. Kunce ya nemi wata hanya ta mulki ba tare da jam'iyyu ba, bisa Samariya da ƙungiyoyin manoma. Ya naɗa farar hula Mamman Umaru firaminista a farkon 1983, sannan Hamid Algabid. An yi ƙuri'ar amincewa da kundin ƙasa a Yuni 1987. Ranar 10 ga Nuwamba ta wannan shekara ya rasu a asibiti a Paris, aka kawo gawarsa Fandu aka rufe.

Kanal Ali Shaibu ya gaje shi, ya saki fursunonin siyasa. Ba a daɗe ba ladabin biro ya sassauta, domin abin da ke riƙe da shi idon mutum ɗaya ne, idon kuma ya rufe. Shekara huɗu bayan rasuwar, taron ƙasa na 1991 ya zauna yana tonon laifuffukan wancan zamani. Sojoji sun sake karɓar mulki a 1996, 1999, 2010 da 2023, kowane karo da alkawarin gyara.

To, jama'a, mai kewar Kunce abu uku yake kewa: ma'aikaci a bakin aikinsa, hatsi a rumbu, ɓarawo a hannun hukuma. Buƙatu ne na gaskiya, babu mai raina su. Amma tarihin ɗan Fandu ya nuna cewa idan ba a ɗora su bisa kotu mai cin gashin kanta, da masu binciken kuɗi da ba a korar su don sun faɗi gaskiya, da jarida mai iya ambaton sunan babba ba, ranar jana'izar shugaba ake binne su tare da shi. Ɗan kasuwar da ke biyan awalaja da ma'aikacin da ke karɓar ta su ne suka fi kowa haƙƙin neman waɗannan.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasa lafiya. Wassalamu alaikum.