Wayar Gilashi Mai Kai Intanet Gida: Wane Irin Sauri Iyali Ke Bukata?

Jawabi ga jama'ar Bukan Sidi, Lafiya, Jihar Nasarawa



Maganar da ta tara jama'a yau ita ce ta wayar gilashi, wadda matasa ke kira faiba, watau igiyar nan da ake binnewa a gefen hanya ko a rataye ta bisa turaku domin ta kai intanet gari gari, har cikin gidaje. Kamfanonin da ke sayar da ita suna tallar sauri iri iri, daga megabit 10 a daƙiƙa guda har zuwa megabit 1,000, kuma gwargwadon saurin gwargwadon kuɗin wata. Saboda haka ya kamata kowane mai gida ya san amsar tambayoyi biyu tun kafin mai talla ya yi masa sallama. Ta farko, ko unguwa kamar Bukan Sidi tana da bukatar wannan waya? Ta biyu, ko gidansa shi kansa yana da bukatar wannan sauri mai yawa? Amsoshin biyu sun sha bamban, kuma wanda ya haɗa su wuri guda zai iya kashe kuɗinsa a banza.

Mece ce wayar gilashi?

Wayar gilashi zare ne na gilashi tatacce, kaurinsa bai wuce na gashin kai da yawa ba, an lulluɓe shi da roba domin kariya. Tsohuwar wayar tarho ta tagulla tana ɗaukar magana ne da wutar lantarki, wannan kuwa da haske take ɗaukar saƙo. Na'ura tana ƙyafta haske a wannan kai sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda, wata na'urar a wancan kai ta karanta ƙyaftawar ta mayar da ita murya ko hoto ko rubutu. A shekarar 1966 ne wani masani mai suna Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham suka bayyana a Ingila cewa idan aka tace gilashi sosai zai iya kai haske nesa ƙwarai ba tare da ya dushe ba. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan gilashi, sa'an nan a 2009 aka ba Kao lambar yabo ta Nobel saboda wannan aiki.

Nijeriya ta haɗu da sauran duniya ne ta irin waɗannan wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS a 2012, Equiano ta kamfanin Google ta sauka Legas a 2022, 2Africa kuma ta iso a 2024. Watau a bakin teku an tara ƙarfi mai yawan gaske. Babban aikin da ya rage shi ne kai wannan ƙarfi cikin ƙasa, zuwa garuruwa irin su Lafiya waɗanda ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga Legas.

Abin da aka yi niyya da abin da aka cim ma

A watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa intanet mai sauri na shekarun 2020 zuwa 2025. Shirin ya tsayar da sauri na megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara, ya kuma yi niyyar masu amfani da intanet mai sauri su kai kashi 70 cikin 100 na jama'ar ƙasa. Wannan niyya ta ƙarshe ba ta cika ba, gama alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, na shekarar 2025 sun tsaya ne wajen rabin jama'a, kuma akasarinsu ta wayar hannu suke shiga.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kawo cikas shi ne kuɗin izinin haƙa hanya da jihohi ke karɓa daga kamfanoni. Tun 2013 aka amince da naira 145 a kan kowace mita, amma waɗansu jihohi suka ci gaba da karɓar dubbai. A ƙarshen 2023 Gwamnatin Jihar Nasarawa ta soke wannan kuɗi, ta bi sahun jihohi irin su Kaduna da Anambra. A watan Mayu na 2024 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar gilashi, domin abin da ke ƙasa ya tashi daga wajen kilomita 35,000 zuwa 125,000.

Dalilin da ya sa unguwa ke bukatarta

Amsar tambaya ta farko a fili take: unguwa tana bukatar wayar gilashi, ko da babu gida guda da zai jawo ta ɗakinsa. Dalili kuwa shi ne wayar hannun da ke aljihun kowa tana magana ne da hasumiyar kamfani da ke kusa, ita kuma hasumiyar tilas ne ta miƙa saƙon gaba. Hasumiyar da aka haɗa da wayar gilashi tana iya ɗaukar mutane masu yawa a lokaci guda, wadda ba a haɗa ba kuwa ita ce ke cushewa da magariba sa'ad da kowa ya dawo gida ya ɗauki wayarsa. Saboda haka mai sana'ar POS a bakin hanyar Jos, da mai sayar da doya ko riɗi wanda ke jiran saƙon banki kafin ya bar mota ta tashi da kayansa, duk suna cin moriyar wayar gilashi ko da ba su taɓa ganinta ba.

Haka nan akwai wuraren da ke tara jama'a masu yawa a kan layi guda. Tun 2015 hukumar JAMB ke gudanar da jarrabawarta duka da kwamfuta, kuma cibiyoyin jarrabawar ba su da sakat in babu layi mai ƙarfi. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, da asibitocin da ke son aika hoton ciwo ga ƙwararren likita a wani gari, da ofisoshin gwamnati, waɗannan su ne ke iya cinye megabit ɗari ko dubu ba tare da an yi asara ba.

Lissafin gida guda

Tambaya ta biyu ita ce ke bukatar alƙalami da takarda. Saurin intanet kamar faɗin hanya yake. Hanya mai faɗi tana barin motoci da yawa su wuce a jere, amma in mota guda ce ke tafiya, ƙarin faɗin ba zai sa ta isa Akwanga da wuri ba. Abin da mai gida zai tambayi kansa shi ne motoci nawa ke bin hanyarsa a lokaci guda, kuma wane irin kaya suka ɗauko.

Kiran murya ta WhatsApp bai kai ko megabit guda ba. Kiran da ake ganin juna, ko darasi ta Zoom, yana cin megabit 2 zuwa 4. Kamfanin Netflix ya ce megabit 5 sun isa a kalli fim mai kyan hoto, megabit 15 kuma sun isa ga hoto mafi kyau da ake kira 4K, wanda sai da babban talabijin ake ganin bambancinsa. To, a ɗauki gida mai mutum shida da dare: uwar gida tana kiran 'yarta da ke aure a Abuja suna ganin juna, ɗalibi yana darasi, yara biyu kowa yana kallon nasa fim, mai gida yana sauraron labarai, ƙaninsa kuma yana aika saƙonni. In an tara duka, lissafin bai wuce megabit 20 ba. Layin megabit 25 wanda ba ya yankewa ya ishe su, na megabit 50 kuwa har da rara. In wannan gida ya sayi megabit 1,000, to ya yi hayar tirela ne domin ɗaukar buhu guda.

Inda sauri mai yawa ke nuna kansa shi ne wurin sauke kaya mai nauyi. Abu mai nauyin gigabait guda yana ɗaukar wajen minti 13 a layin megabit 10, minti 5 da 'yan daƙiƙoƙi a layin megabit 25, daƙiƙa 80 a layin megabit 100, daƙiƙa 8 kacal a layin megabit 1,000. Wanda ke yin haka sau ɗaya a mako, jiran minti biyar ba zai cuce shi ba. Amma mai ɗaukar hoton biki da ke aika bidiyo mai nauyi kullum, ko mai zanen gine-gine, ko mai shagon kwamfuta, lokacinsu kuɗi ne, kuma su ne ya dace su nemi megabit 100 ko fiye. Haka ma gidan haya mai ɗakuna goma cike da ɗalibai: in suka haɗa kuɗi suka jawo layi guda mai ƙarfi, kowa zai biya kaɗan ya kuma sami rabonsa.

Bukata kuwa tana ƙaruwa da zamani, wannan gaskiya ne. Hukumar sadarwa ta Amurka ta ɗauki megabit 25 a matsayin ma'aunin intanet mai sauri a 2015, ta ɗaga shi zuwa megabit 100 a 2024. Sai dai amfanin wayar gilashi shi ne, da zarar ta shiga gida, ƙara sauri ba ya bukatar sabon haƙa, kamfani ne kawai zai sauya tsarin daga wurinsa ko ya canja na'ura. Don haka babu dalilin biyan kuɗin saurin shekara goma masu zuwa tun daga yau. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abubuwan da ke rage sauri a cikin gida

Lalle ne a sani cewa lambar da ke kan takardar talla tana tsayawa ne a bakin akwatin da kamfani ya kafa. Daga nan zuwa wayar hannu sai ta Wi-Fi, shi kuma bangon siminti da nisa suna raunana shi, kuma wayoyin hannu masu sauƙin kuɗi da yawa ba za su iya karɓar ko rubu'in megabit 1,000 ba. Mai gida zai fi amfana in ya ajiye akwatin a tsakiyar gida, a wuri mai tudu, da a ce ya ƙara kuɗin wata.

Sai maganar wuta. Wayar gilashi ba ta ɗauke da lantarki kamar tsohuwar wayar tarho, saboda haka in wuta ta ɗauke, akwatin ya mutu, intanet ya tafi. An buɗe babbar tashar rarraba wuta ta Akurba a nan Lafiya a 2022, amma duk da haka mai hankali zai tanadi ƙaramin batir ko farantin sola. Akwatin ba ya cin wuta da yawa, bai fi ƙwan fitila ɗaya ko biyu na zamani ba.

Tambayoyin da za a yi wa mai talla

Kafin mai gida ya sa hannu, ya dace ya tambayi abubuwa biyar. Saurin da aka ambata tabbatacce ne, ko kuwa iyakar abin da zai iya kaiwa ne wani lokaci? Nawa ne saurin aikawa, tun da shi ne ke gyara kiran ganin juna da aika bidiyo? Akwai iyakar data a wata wadda in an wuce ta za a rage sauri? Nawa ne kuɗin kafawa, kuma akwatin na wane ne in an rabu? In waya ta tsinke, cikin kwana nawa ake gyarawa? Sa'an nan ya tambayi maƙwabcin da ya riga shi shiga yadda layin yake da dare da kuma lokacin damina, gama sai an gwada a kan san na ƙwarai. Wanda kamfani ya ƙi sauraron kukansa yana da ikon kai ƙara ga NCC ta lambar 622, kuma kiran kyauta ne.

Nauyin da ke kan jama'a

Waya guda da ta tsinke tana iya tsayar da harkar mutane masu yawa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da kasuwanci suka shiga wahala a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. A cikin ƙasa kuwa abin da ya fi tsinka waya shi ne aikin hanya da haƙar magudanar ruwa da ɓarnar ɓata-gari. Ya kamata a sanar da matasa cewa babu tagulla ko wani ƙarfe mai daraja a cikin zaren gilashi, mai sayen gwangwan ba zai ba da ko sisi a kansa ba. Bayan haka, a 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umurnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda doka ke hukunta mai lalata su.

Saboda haka duk mai shirin haƙa rami ko kwalbati ko tushen gini a bakin hanya ya duba ko akwai alamar waya a wurin, ya kuma sanar da mai unguwa kafin a sa diga. Wanda ya ga an tone waya an bar ta a fili ya kai rahoto. Shugabannin unguwa kuma su nemi kamfanin da ya haƙa ƙofar gidajen mutane ya cike ramin ya gyara wurin kafin ruwan sama ya sauka.

Daga ƙarshe, shawarar da ta dace da mai gida na Bukan Sidi ita ce ya yi maraba da wayar in ta zo, ya taimaka a tsare ta, ya ƙidaya mutanen gidansa da abin da suke yi da intanet, sa'an nan ya fara da ƙaramin sauri wanda aljihunsa zai ɗauka kowane wata. In bayan wata biyu ko uku ya ga bai ishe shi ba, sai ya nemi a ƙara masa.