Tauraron Ɗan'adam da Gonakin Kunduru

Iyayenmu masu riƙe da ƙasa, malaman gona, manoman Kunduru da baƙinmu na Kankiya da Kusada:

An nemi in yi bayani a kan na'urar da ake ɗaura wa tarakta domin tauraron ɗan'adam ya riƙa nuna mata hanya lokacin feshi da zuba taki. Bari mu fara da ciwon kafin maganin.

Matsalar feshi da tarakta tana wurin juyowa. Mu ce faɗin ƙarfen feshin mita 12 ne. Kafin direba ya kai ƙarshen gona ya juyo, ruwan maganin ya bushe, babu alamar inda ya tsaya. Tsoron kada ya bar gurbi sai ya sa ya hau kan inda ya riga ya fesa. In mita ɗaya yake hawa a kowace juyowa, kashi ɗaya cikin 12 na maganin ya tafi a banza, in kuwa taki ne, buhu guda a cikin kowane 12. Ba kuɗin kaɗai ba: layin da ya sha magani sau biyu yakan ƙone, wanda aka tsallake ciyawa ta rufe shi, bayan 'yan makonni ka ga gona zane-zane, nan kore shar, can ɗorawa.

Taurarin GPS na Amurka suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,000, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da wurin da yake. In na'urar da ke rufin tarakta ta kama huɗu ko fiye, sai ta lissafa inda take. Direba zai yi layin farko, ya danna maɓalli a farkonsa da ƙarshensa, ita kuma ta shata sauran layukan daidai faɗin ƙarfen. Mai araha jerin fitilu ce a gabansa, tana nuna masa ya karkata dama ko hagu. Mai tsadar ita ke riƙe sitiyari, har ta rufe bakin feshi da kanta in an iso inda aka riga aka fesa. Sai a watan Mayun 2000 shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya sa aka daina dagula saƙon da gangan ga farar hula, kuma yau Rasha da Turai da Sin duk suna da nasu taurarin.

Sai dai daidai suna ya tara. Wayar da ke aljihunku takan kuskure da mita uku zuwa biyar, kunya huɗu ke nan ko fiye. Kafin a rage kuskuren ya koma santimita biyu ko uku, sai an kafa tasha a ƙasa mai aiko da gyara ta rediyo ko intanet. Sararin samaniya ma yana da nasa hali. A yankinmu saƙon yakan rikice bayan faɗuwar rana, kuma a watan Mayun 2024 wata guguwa daga rana ta tsayar da taraktoci a Amurka ana tsakiyar shuka.

To, yanzu mu dubi gonakinmu. An ƙera wannan na'ura ne domin fili mai ɗaruruwan hekta, shuka iri ɗaya, babu ko kututture. Mu kuwa gonar gado ce da aka raba aka sake rabawa, gero da wake a kunya guda, ga gawo a tsakiya wanda babu mai hankalin da zai sare shi, tunda ganyensa taki ne. A hekta ɗaya, tarakta mai faɗin mita 12 layi takwas ko tara za ta yi ta gama. Yaushe na'urar za ta mayar da kuɗinta? Wanda zai ci moriyarta shi ne mai bayar da hayar tarakta, ko ƙungiyar da ta haɗa gonakin maƙwabta aka yi musu aiki a rana guda.

Ni a ganina, babban amfanin tauraro a Kunduru a yau shi ne awo. Manomi zai ce gonarsa hekta biyu ce, alhali ba a taɓa auna ta ba. A kan wannan ƙiyasin yake sayen NPK da yuriya, a kansa yake haɗa maganin ciyawa, a kansa suke ta da jijiyar wuya da mai tarakta. Malamin gona ya kewaya iyaka da na'urar awo ta hannu, cikin rabin sa'a magana ta ƙare. Kamfanin Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014, ta wannan ƙofa ya shigo Nijeriya: ƙaramar na'ura a jikin tarakta, mai ita yana zaune ya san inda take da faɗin da ta nome.

Kada kuma a raina abin da ke hannu. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore ta Nijar sun nuna cewa cikin marfin kwalba na NPK, giram shida, a kowane ramin gero yana ƙara amfani ƙwarai. Wannan ma sanya taki ne a inda ya dace. Haka famfon goyo: in bakinsa ya cinye yana tsiyaya, ko yaron da ke fesawa yana sauri da safe yana jan ƙafa da azahar, ko an zo da tauraro maganin ba zai sauka daidai ba. Ku cika famfo da ruwa zalla, ku fesa fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, ku ga lita nawa ya sha, ku ninka sau 50. Abin da hekta za ta sha ke nan a tafiyarku.

Roƙona ga hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharmu, KTARDA, da ƙananan hukumominmu biyu, Kankiya da Kusada: a fara da na'urar awo ga kowane malamin gona, a auna gonaki tun da rani a rubuta. In ƙungiya ta haɗa fili mai faɗi, a gwada mai fitilun nan a tarakta ɗaya, a ƙirga buhunan taki da litocin magani damina biyu, a kwatanta da na maƙwabta. Mai riƙe sitiyari ta jira sai an sami makanikinta a Kankiya.