Lafiyar Maniyyaci: Guzurin da Ake Haɗawa Tun Daga Gida

 

Maniyyata baƙin Allah, malamai sun yi muku bitar harami da ɗawafi da jifa. Ni ma'aikacin lafiya ne, nawa rabon shi ne jikin da zai ɗauki waɗannan ayyuka.

A Hajjin 2024, wanda ya faɗo a tsakiyar watan Yuni, zafi a Makka ya kai digiri 51.8. Hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana, ba tanti ba mota. Da yawansu tsofaffi ne ko masu ciwon da ya daɗe a jiki. Allah Ya jiƙansu. Abin da ya kayar da mafi yawansu abu ne da muka sani sarai: rana, da ƙishirwa, da ciwon da aka taso da shi daga gida.

A kan ciwon gida zan daɗe. Wata rana a wurin tantancewa na auna jinin wani dattijo, na ga ya hau sosai. Sai ya riƙe mini hannu, ya sassauta murya ya ce, "Likita, ka rufa mini asiri. Shekara goma ina tara kuɗin kujerar nan." Wallahi na ji tausayinsa, domin na san shanun da aka sayar da amfanin gonar da aka fitar. Na ce masa, "Baba, rufin asirinka shi ne ka sha magani, jinin ya sauka kafin ranar tashi." Haka aka yi, kuma ya tafi.

Hawan jini da ciwon suga ba su hana Hajji idan ana kula da su. Gaskiya ne akwai ciwon da ke hanawa, kamar ƙodar da ake wa wanki, ko zuciyar da ta yi rauni ƙwarai, ko cikin da ya tsufa. Wanda wannan ya same shi, malamai suna nan, su gaya masa cewa ikon zuwa da aka sharɗanta ya haɗa da lafiyar jiki. Amma wanda ya ɓoye ciwonsa ya hana mu taimakonsa. Idan ya faɗi a Mina, likitan da zai tsaya a kansa bai san abin da ke jikinsa ba, shi kuma ba ya iya magana.

Saboda haka mai shan magani kullum ya tanadi wanda zai ishe shi har ya dawo, da ƙari. Ya bar shi cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu, domin babbar jaka takan yi kwanaki ba ta iso ba. Mai allurar insulin ya tambayi yadda zai kare ta daga zafi. Kuma don Allah kada wanda ya karɓi ƙullin magani daga hannun wani da sunan saƙo. Dokar Saudiyya a kan ƙwayoyi irin tramadol tana da tsanani.

Sai rigakafi. Dattawanmu za su tuna 1996, lokacin da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000, akasari a nan Arewa, har Saudiyya ta hana alhazanmu shiga a wannan shekara. A 2000 da 2001 kuma wani nau'in sanƙarau ya ɓarke a tsakanin alhazai, suka koma da shi ƙasashensu. Shi ya sa ake tilasta allurar da ke kare nau'i huɗu, kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, domin jiki na bukatar lokaci kafin ya ɗauki kariya. Haka allurar ciwon shawara, haka ɗigon shan inna. Na san akwai masu neman a buga musu hatimi a kati ba tare da allura ta taɓa su ba. Katin zai wuce da mutum a filin jirgi, amma cikin tantin da mutane da yawa ke kwance kafaɗa da kafaɗa, abin da ke cikin jini ne kawai zai kare shi, ya kare jikokin da za su tarye shi.

Yanzu rana. Mun saba da zafin bazara, shi ya sa muke raina na Makka. Amma a gida idan rana ta take mutum yakan nemi gindin darbejiya. Can kuwa lokacin ne ake tsakiyar ibada. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa da dawowa.

Iyayena mata, da ku nake musamman. Na ga yadda kuke ƙin shan ruwa a Mina da Arfa saboda dogon layin bayan gida da gudun sake alwala. Gara layin awa ɗaya da kwanan asibiti. A riƙa kurɓa a kai a kai tun kafin ƙishirwa ta zo. A duba fitsari: idan ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi ƙaranci a jiki. A tafi da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. Idan babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

A riƙe laima. Wasu maza suna tsoron ta ɓata musu harami, alhali ya tabbata a hadisi cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) inuwa da tufa a Hajjin ban-kwana. Mai rauni ya wakilta wani ya yi masa jifa, ko ya bari sai rana ta yi sanyi.

Idan ka ga abokin tafiyarka yana tangaɗi, yana magana ba kan gado, jikinsa zafi rau, wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa cikin ɗan lokaci. Ka ja shi inuwa, ka sassauta masa tufa, ka kwara masa ruwan sanyi, ka yi masa fifita, wani ya ruga kiran ma'aikata. Idan hankalinsa ya gushe, kada a ɗura masa ruwa a baki.

Mai ciwon suga ya kula da ƙafarsa. Takalmi yakan ɓace a ƙofar masallaci, mutum ya tako kwalta ba takalmi, ya isa masauki tafin ƙafarsa ya sale bai ko ji ba, domin ciwon ya kashe masa jijiya. A sa takalmi a 'yar jaka a shiga da shi.

Sauran a taƙaice. Abincin da ya yini a leda cikin zafi a zubar da shi. A wanke hannu da sabulu, a sa takunkumi a cunkoso. Wurin aski a nemi sabuwar reza saboda ciwon hanta. A guji raƙuma da ɗanyen nononsu, domin cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 tana da alaƙa da su. Wanda ya dawo gida zazzaɓi da tari suka kama shi cikin mako biyu, ya je asibiti ya faɗi inda ya fito.

Roƙona, gobe da safe kowa ya je a auna masa jini da suga, ya faɗa wa likita duk abin da ke damunsa. Daga gobe kuma a fara tattaki na rabin awa bayan sallar asuba, da takalmin da za a tafi da shi. Allah Ya kai ku lafiya, Ya karɓi ibadarku, Ya dawo mana da ku lafiya.