Alkafura a Matsayin Magani: Labarin 'Yan Wasan Kambodiya

 

An ce in yi magana kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Da yake ni ba likita ba ne, zan kai ku ƙasar Kambodiya, wajen wasu 'yan wasan alkafura da tafiya kan igiya, irin wasan nan da ake yi cikin babban tanti. Wanda ya taɓa ganin 'yan hoto suna cilla galma sama suna caɓewa, ya san kamanninsa.

Daga 1975 zuwa 1979 gwamnatin Khmer Rouge ta yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi a ƙasar. Da yawa daga waɗanda suka tsira sun ƙare a sansanonin gudun hijira a iyakar Tailan. A ɗaya daga cikinsu, wata Bafaranshiya mai suna Véronique Decrop ta fara koya wa yara zane a 1986, domin abin da suka gani ya fi ƙarfin bakinsu. A 1994 tara daga cikin ɗalibanta, bayan sun koma gida, suka kafa makaranta a Battambang mai suna Phare Ponleu Selpak, wato hasken fasaha. Ku lura, ba su jira an kafa kwamiti ba, kamar yadda mu ma'aikatan gwamnati muka saba.

Sai dai ba kowane yaro ke iya zama wuri ɗaya ya yi zane ba. Akwai wanda firgici ya mayar da shi mafaɗaci, akwai ɗan gararamba. Saboda irinsu ne ɗaya daga cikin mutum taran, Khuon Det, ya buɗe sashen wasan alkafura a 1998. A 2013 kuma aka kafa musu tanti a Siem Reap, inda baƙi ke biyan kuɗi su kalla.

Wasansu da ya fi jan hankalina shi ne Sokha, wanda aka gina kan rayuwar su waɗanda suka kafa makarantar. Labarin wata yarinya ce da abin da ta gani a yaƙi ya hana ta sakat, yana biyo ta har cikin barci. Ba a tsaya dogon bayani ba. Jiki ne ke magana, ga makaɗa, ga mai zane yana aikinsa a gaban 'yan kallo.

A ganina, maganin yana cikin atisayen fiye da wasan kansa. Yaron da ya tashi bai yarda da kowa ba, yau an ce ya hau kafaɗun abokansa, ya saki jiki ya faɗo, wani zai tare shi. Ya faɗo, an tare shi. Gobe ma haka, jibi ma haka. Da baki kuwa, sai a shekara ana ce masa ya kwantar da hankali bai ji ba.

Kada a fahimce ni baibai. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, asibiti ne wurinsa, alkafura ba ta maye gurbin likita. Amma tun da rikicin Arewa maso Gabas ya ɓarke a 2009, mu ma muna da yaran da suka tashi a sansani da irin wannan nauyi a ƙirji. Akan kai musu shinkafa da barguna, madalla. Ina roƙon Shugaba, idan an zo tsara gudunmawar bana, a sa filin wasa da mai koyarwa cikin lissafi.