Kora Daga Aiki: Abin Da Kotu Ke Cewa Yanzu

 

Da yawa daga cikinmu aikin albashi ne ya riƙe mu a nan Kurmi: masu gadi, direbobin kamfani, leburori a masana'anta. Duk mun san yadda kora take zuwa. Mutum ya shekara goma a ƙofar kamfani, wata safiya a ce masa kada ya dawo. A da, in ya kai ƙara, alƙali zai ce mai aiki yana da ikon sallamar ɗan aikinsa ko da dalili ko babu. Iyakar abin da zai samu shi ne kuɗin notis, sau da yawa albashin wata guda.

To, jama'a, lamarin ya fara sakewa. Gyaran tsarin mulki na uku, na shekarar 2010, ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa zuwa matsayin babbar kotu, ya ce duk rigimar aiki ita kaɗai za ta fara saurare. Ya kuma ba ta damar duba yadda ake yi a sauran ƙasashen duniya. Da wannan damar ce a 2015, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond, ta ce ba daidai ba ne a kori ma'aikaci ba tare da dalilin da ya shafi aikinsa ko halinsa ba. A 2020 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar wa wata ma'aikaciyar kamfanin Sahara Energy diyyar albashin shekara biyu cur, saboda an tilasta mata ajiye aiki. Shekara biyu fa, ba wata ɗaya ba! Kotun tana da reshe a nan Ibadan, ba sai an je Abuja ba.

Amma kada mu yi saurin murna. Waɗanda suka ci waɗannan shari'o'i, takarda suka shiga da ita kotu. Mu kuwa yawancinmu da baki aka ɗauke mu: wani ɗan garinmu ya kai mu, aka ce gobe ka fara, shi ke nan. In rigima ta tashi, kamfani ya ce bai san ka ba, ɗan kwangila ne ya kawo ka. Alhali Dokar Ƙwadago, sashe na 7, ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Haƙƙinmu ne, neman sa ba rashin kunya ba ne, duk da mun san yadda bakin Bahaushe ke nauyi gaban maigida. Sashe na 11 kuma ya yanke notis: mako ɗaya in aiki ya haura wata uku, mako biyu daga shekara biyu, wata guda daga shekara biyar.

Batun mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, a lura bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Saboda haka ɗan'uwanmu mai gadin gidan mutum ɗaya ba zai kafa hujja da shi ba.

Roƙonmu ga masu kai yara aiki, musamman ku dattawa: kada ku baro yaro a wurin sai kun tambayi takarda. Wanda kuma ya riga ya fara, ya adana katin shaidar aiki, da takardar albashi, da saƙon banki na kowane wata, ko da a leda ne ƙarƙashin katifa. Mai takardar Turanci da bai gane ba, ya kawo wa sakatare bayan an tashi, a karanta masa.