Murɗar Ciki a Doki: Kada a Jira Gari Ya Waye



Duk mai doki ya sani, Allah bai halicci doki da iya amai ba. Abin da ya tsaya masa a ciki, can zai ta dagula shi. Shi ya sa murɗar ciki ke kashe dawaki da yawa.

Idan dokinka ya ƙi ci, yana karce ƙasa da kofato, yana waiwayen kwiɓinsa, yana gumi yana birgima, kashinsa ya ragu, to ciki ne. Bugun zuciyar doki lafiyayye 28 zuwa 44 ne a minti ɗaya. In ya haura 60, abu ya ɓaci.

Sau da yawa mu ne sanadi: ɗura masa dawa kwatsam don hawan sallah, harawa mai fumfuna, ƙarancin ruwa, zuba abinci a kan yashi, ko sakaci da maganin tsutsa.

A janye abinci, a zagaya da shi a hankali, a kira likitan dabbobi nan take. Kada a yi masa ɗure, magani zai iya faɗawa huhu.

Masu dawaki, dabba amana ce. Mu riƙe ta da tsoron Allah.